Adakar Malam da Kalandar Haɗeja: Littattafan da Ake Buɗewa da Waɗanda Aka Manta

Wanda ya shiga zauren malami a cikin birnin Haɗeja, ko a Auyo, ko a Kafin Hausa, ya so ya gane yadda aka tsara littattafan gidan, zai sha wuya idan da idon ɗan jami'a ya shigo. Babu lamba a jikin littafi, babu katin aro, ba a kuma ware fiƙihu gefe guda, nahawu gefe guda ba. Duk da haka malam ba ya laluben littafi. Lokaci ne ya tsara masa su. Wanda ake buɗewa kullum yana kan buzu, kusa da carbi da tabarau. Na mako-mako yana cikin alkuki. Na shekara-shekara yana cikin gafaka, rataye a ƙusa, yana jiran watansa ya kama. Sai kashi na huɗu, wanda babu ranar da ke kiransa: yana can ƙasan adaka, adakar kuma tana ƙarƙashin gado, a kan daɓe.

Wannan kashi na huɗu shi ne abin damuwa. A ƙasar da Kogin Haɗeja ke cika ya tumbatsa, gara kuma ba ta hutu, littafin da ake buɗewa shi ne ke tsira, domin hannun da ya ɗauko shi shi ke kakkaɓe masa ƙura, idon da ya karanta shi shi ke fara ganin danshi. Wanda ba a buɗewa sai ya lalace babu wanda ya sani. Abin takaicin shi ne, littattafan da kalanda ke karewa su ne waɗanda ake da dubban irinsu a kasuwa. Waɗanda ta manta da su kuwa su ne ba su da na biyu a duniya, kuma a cikinsu ne tarihin Haɗeja na bakin Haɗejawa yake kwance.

Shekarar malam, littafi bayan littafi

A fara da na kullum. Haɗeja ƙasar tsangaya ce, an san ta da alarammomi da gwanaye tun ba yau ba, saboda haka Alƙur'ani ne kan gaba. An raba shi izu sittin, kowane mai tilawa kuma ya san adadin da ya ɗaukar wa kansa tsakanin asuba da lisha. Bayansa sai Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli, mutumin Maroko da ya rasu a 1465. Littafi ne da aka yanka shi daidai da kwanakin mako: a fara Litinin, a bi rana-rana, a dawo Litinin a rufe. Mai Dala'ilu ba ya bukatar duba kalandar bango ya san yau wace rana ce, inda alamar karatunsa ta tsaya ta ishe shi. Shi ya sa a kowane gida za a tarar Dala'ilu ya fi kowane littafi baƙin gefe da laushin takarda.

Wanda ba ɗan ɗariƙa ba ma bai fita daga wannan tsari ba. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa sun sauya abin da ke kan buzunsu, amma ba su sauya dogaro da lokaci ba. Hisnul Muslim na azkar ɗin safe da yamma ne, Riyadus Salihina na tsakanin magariba da lisha, Suratul Kahfi ta Juma'a kuwa ta haɗa kowa da kowa.

Da jinjirin Rabi'ul Awwal ya tsaya, sai gafakar madahu ta sauko. A cikinta akwai Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wadda aka tsara bisa haruffan Larabci, kowane harafi da baiti ashirin, galibi tare da tahamisin Ibnu Muhibu. Akwai Burda da Hamziyya na Busiri ɗan Masar, akwai Diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, sannan ga Infiraji na Aliyu Namangi ɗan Zariya ga mai son ya ji yabo da Hausa. Makarantun Islamiyya na matan aure su ma wannan wata ne nasu, sukan yi makonni suna bitar abin da za su rera.

Azumi kuma yana da nasa kaya. Tafsirin Jalalaini ya fito, mai jan baƙi ya zauna a dama, malam ya fassara. Wasu majalisan Diya'ut Tawili na Abdullahi ɗan Fodiyo suke buɗewa, wasu kuma tarjamar Shehu Abubakar Gumi. Da hantsi ko bayan azahar a karanta Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a Marrakesh a 1149, a auna shafukan yadda za a sauke kafin a ga watan Salla. Zulhajji ya zo a koma babin layya da na aikin Hajji a Risala. Watan Cika-ciki ya kama, attajiran da suka saba fitar da zakka a cikinsa su turo a duba musu nisabi.

Akwai kuma wata kalandar da ba ta bin wata ko kaɗan. Manomi da masunci da mai shinkafar fadama da rana suke aiki, don haka tsofaffin malamai suke riƙe da hisabin taurari ashirin da takwas, kowanne kwana goma sha uku, in ban da Jabha mai goma sha huɗu, jimla kwana 365. Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa: da waɗannan sunaye ake gaya wa manomi ko shukarsa ta yi wuri ko ta makara. Irin wannan ilimi ba a cika samunsa a bugaggen littafi ba. A 'yan warƙoƙi yake, da rubutun hannu, sau da yawa da ajami, kuma kowane malami yakan ƙara abin da ya lura da shi a yankinsa. Yau da hasashen yanayi ke zuwa ta rediyo da waya, waɗannan warƙoƙi sun fara gangarawa daga alkuki zuwa ƙasan adaka.

Abin da ke ƙasan adaka

A buɗe irin wannan adaka a ga. Abin da zai fara bugun hanci shi ne warin tsohuwar fata da na ƙasa. A sama akwai tadarishi mai kunshe da Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa, ba ɗinki, an ɗaure da tsirkiyar fata. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya. A ƙasan kowane shafi an rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, don kada warƙoƙin su rikice. Idan aka ɗaga takardar aka kara ta da haske, a wasu za a ga tambarin jinjirin wata uku, shaidar cewa a Italiya aka yi ta, ta ratso hamada a bayan raƙumi kafin ta iso hannun marubuci.

Ƙarƙashin wannan sai kundi. Nan ne malam ke ajiye abin da bai rubuta don kasuwa ba: laƙani da magani, silsilar malaman da ya yi karatu a wajensu, ijazar da aka ba shi, wasiƙar da wani abokin karatu ya aiko daga Borno ko Katagum, takardar shaidar sayen gona, rabon gadon da aka kira shi ya yi. A bangon littafi kuma, ko bayan an rubuta tammat a shafin ƙarshe, akan tarar da abin da ya fi komai daraja ga mai binciken tarihi: an haifi wane ranar kaza ga watan kaza, wance ta rasu shekarar da fari ya yi ɓarna, an naɗa sarki wane, ruwa ya ci unguwa kaza. Kafin a san rajistar haihuwa a asibiti, bangon littafin malam shi ne rajistar unguwa.

Idan Jalalaini ya jiƙe, gobe a aika Kasuwar Kurmi a Kano a sayo wani, bugun Misira ko na Bairut. Idan kundi ya jiƙe, magana ta ƙare. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin ta inda ba a zata ba. Matashin da ya gaji zauren mahaifinsa yanzu daga waya yake karanta Dala'ilu da Ishiriniya, ba laifi ba ne, amma hakan na nufin ko gafakar shekara-shekara ba lalle ne a sauko da ita ba, balle a kai ga adaka. A da, neman littafin Mauludi kan sa a buɗe akwati a ga halin da sauran suke ciki. Yanzu wannan dalilin ma yana gushewa.

Kogi ba ya duba wata

Kogin Haɗeja daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa yake samo ruwa, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, tun daga nan tafiyar ruwan ta sauya. Inda a da kogi kan ƙafe da rani, yanzu ruwa na kwanciya shekara cur, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike wasu. Da an yi damina mai ƙarfi, ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi gonaki da gidaje. Mutanen Auyo, Guri, Kiri Kasamma, Kafin Hausa da Malam Madori ba sai an ba su labari ba. An gani a 2018, an gani a 2020, an kuma gani a 2022, shekarar da ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Birnin Haɗeja kansa da jinga da buhunan ƙasa matasa suka yi ta kare shi dare da rana.

Idan ruwa ya shigo gida da tsakar dare, abin da ake fara ɗauka yara ne da tsofaffi, sai hatsi, sai dabbobi. Haka ya kamata. Alƙur'anin da ke kan buzu ma ba a barinsa. Adakar da ke ƙarƙashin gado ce ake tunawa da ita bayan kwana uku, lokacin da ginin ƙasa ya riga ya zauna a kanta. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na taɓa ta take narkewa. Takardar da ta jiƙe kuma cikin kwana biyu zuwa uku take fara hunhuna, warƙoƙi su manne da juna. Bayan ambaliya gwamnati kan ƙidaya gidajen da suka rushe da kadadar gonakin da ruwa ya shanye. Ba a saba jin an ƙidaya littattafai ba, domin tun farko babu wanda ya rubuta cewa akwai su.

A nan ne kalandar wata ta gaza kare adaka. Shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka watannin ibada ke zagaya yanayi, sai bayan shekara talatin da uku su dawo inda suka faro. Mauludin 2022 a farkon Oktoba aka yi shi, na 2023 a ƙarshen Satumba, na 2024 a tsakiyarta, na 2025 a farkonta. Daga nan Agusta ya nufa, sannan Yuli, ba zai fita daga damina ba sai an yi nisa cikin shekarun 2030. Ma'ana, a wannan zango duka, lokacin da ake sauko da littattafan madahu shi ne lokacin da iska ta fi danshi, hankalin mutane kuma yana kan jinga da gona. Kogi kuwa lokacinsa ɗaya ne kowace shekara, Agusta da Satumba. Duk shirin da za a yi don kare takardu daga ruwa, tilas a ɗaura shi a kan kalandar rana, wadda manomi ke bi.

Tarihin da wasu suka rubuta

Me ya sa wannan ya shafi wanda ba malami ba? Saboda Haɗeja na cikin garuruwan da aka fi jin labarinsu daga bakin waɗanda suka yi faɗa da su. A ɗauki Sarki Buhari ɗan Sambo. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, Buhari ya dawo ya ƙwace gadon da ƙarfi a 1851, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa a Kafur, ya ci gaba da mulki ba ya bin Sakkwato har ya rasu a yaƙin Bade a 1863. Mafi yawan rubutaccen abin da ɗalibi zai samu a kansa daga marubutan Sakkwato da Kano ya fito, sai matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ratsa yankin a shekarun 1850 ya ga garuruwan da yaƙi ya ɗaiɗaita. Kowannensu da inda ya tsaya yake kallo.

Haka yaƙin 25 ga Afrilu, 1906, ranar da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta afka wa birnin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da ɗimbin jarumansa, har ake kiransa Mai Shahada. Rahoton da ya shiga taskar gwamnati na waɗanda suka harba bindigar ne. J. M. Fremantle, jami'in mulkin mallaka, shi ya buga tarihin yankin a 1911. Da Victor Low ya zo yin bincikensa kan Gombe, Katagum da Haɗeja, wanda ya fito a littafi a 1972, da bakin dattawa ya dogara. Waɗannan dattawa sun daɗe da komawa ga Allah. Abin da ya rage wanda zai iya ƙara wani abu sabo shi ne abin da mutanen wancan zamani suka rubuta da hannunsu a gefen littafi da cikin kundi. A lissafi, ranar yaƙin ta faɗo daidai ƙarshen Safar da kamawar Rabi'ul Awwal na 1324. Wato mutanen gari na shirin shiga watan Mauludi aka yi musu wannan aika-aika. Malamin da ya ɗauko Ishiriniyarsa a wannan mako, da wuya a ce alƙalaminsa bai bar komai a bangonta ba.

Ba malaman zaure kaɗai ke da irin wannan ajiya ba. Tsohon malamin firamare ko ma'aikacin En'e da ya yi ritaya yakan tara nasa: tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, bugun farko na Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, kalandun bango masu hotunan sarakuna, takardun shirin bikin naɗin Sarki Abubakar Maje a 1984 ko na Sarki Adamu Abubakar Maje a 2002, da jawaban ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, 27 ga Agusta, 1991. Shi ma da ranaku yake tunawa da kayansa. Ranar da ya kwanta dama, 'ya'ya kan ga tarkace ne, su ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire.

Falke, Waziri da Tambutu

Ƙasar Hausa ta riga ta ga hanyoyi biyu da taskar mutum ɗaya kan bi bayan ransa. Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rayu daga 1893 zuwa 1962, ɗan kasuwa ne kuma malamin Tijjaniyya, almajirin Shehu Ibrahim Inyass. Ya tara littattafai da takardu fiye da 3,000: fiƙihu, hadisi, madahu, sufanci, magani, asirai, har da ajami. Bayan rasuwarsa taskar ta koma Jami'ar Northwestern da ke Evanston a Amurka. A can an jera ta, an yi mata fihirisa, babu gara babu yoyo, masana daga ko'ina suna amfana, har an rubuta kundin digiri na uku a kanta. Amma Bakano da ke son ganin rubutun kakansa sai ya nemi biza. Ishiriniyar Falke ta tsira daga lalacewa, sai dai ba a ƙara rera ta a daren Mauludi ba.

Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu a 1997, tasa ta zauna a gida. Ya gaji takardun gidan Gidaɗo ɗan Laima, ya ƙara da nasa, ya kuma buɗe ƙofa ga masu bincike. A wajensa Murray Last ya zauna ya yi karatu kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967, kuma ta wannan gida ne aka san da yawa daga rubuce-rubucen Nana Asma'u. Abin da ya raya taskar Waziri shi ne mai ita ya san abin da ke ciki warƙa-warƙa, yana buɗewa, yana karantarwa, gidan kuma yana da nauyin da ya hana a wargaza ta.

Tambutu ta ƙara darasi na uku. Da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, Abdulƙadir Haidara da iyalan da ke da taskoki suka kwashe dubban rubuce-rubuce a akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, zuwa Bamako. An iya yin haka ne domin gidajen sun riga sun san abin da suka mallaka, sun kuma san juna. Da aka isa Bamako kuma sai aka tarar da sabon abokin gaba, danshi, wanda takardun ba su saba da shi a bakin hamada ba. Abin da Tambutu ta gamu da shi sau ɗaya, Haɗeja kowace damina take kwana da shi.

A yanka wa adaka rana

Akwai masu ganin mafita ita ce gwamnati ta gina gidan adana tarihi, a tattara komai a kai can. Gini abu ne mai kyau, amma wanda ya san malamai ya san ba za su miƙa kundi ba, kuma suna da hujja. A ciki akwai sirrin gida, akwai asirin da aka ba su amana, akwai kuma labarin waɗanda suka ba da aron littafi ba su sake ganinsa ba. Ba kuwa dole sai an raba mutum da kayansa ba. Tun 1964 Cibiyar Adana Rubutun Larabci ta Jami'ar Ibadan da Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna ana iya ɗaukar hoton littafi a mayar wa mai shi. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004, shi ma sharaɗinsa ke nan: asali ya zauna a ƙasarsa, hoto ya yi yawo. Abin da a da sai da na'ura mai tsada, yau wayar da ke aljihun almajiri za ta yi shi.

Abin da ya rage shi ne dalilin da zai sa a buɗe adakar, kuma al'adar gidan malam ta riga ta nuna hanya: abin da aka yanka wa rana shi ake yi. Makon ƙarshe na Afrilu ya dace ta kowace fuska. Bazara ce, iska a bushe take, ruwan sama bai sauka ba, manomi bai shiga gona gadan-gadan ba. Ranar 23 ga wata ita ce Ranar Littafi ta Duniya da UNESCO ta ayyana a 1995, ranar 25 kuma ita ce ta Mai Shahada. Idan Masarautar Haɗeja ta ɗauki waɗannan kwanaki uku ta ce na duba littattafan gida ne, hakimai da dagatai da limaman Juma'a na ƙananan hukumomi takwas na masarautar suka sanar, to an samu abin da babu wata ma'aikata da za ta iya sayowa da kuɗi. Ba kuma abu ne da zai raba ɗan ɗariƙa da ɗan Izala ba, domin ba ibada aka ƙirƙiro ba, kiyaye dukiya ne.

Aikin kansa ba shi da wuya. A fito da adaka a buɗe a inuwa, kada a shanya takarda a rana, domin zafi na sa ta ƙeƙashe ta karye. A kakkaɓe da tattausan ƙyalle. Kada a sauya jerin warƙoƙi, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a kai a manne da roba, kada kuma a ƙulle a leda, domin leda riƙe danshi take yi. A naɗe da farin yadi mai tsabta. A ɗora akwatin a kan benci ko kanta, nesa da bango da ƙasa, a ɗakin da ya fi tudu a gidan, kowa kuma ya san inda yake, musamman matan gida, tunda su ne a ciki idan ruwa ya zo maigida yana bakin jinga. Sannan a samu littafin rubutu na 'yan makaranta a jera: sunan littafi, wanda ya rubuta shi da hannu, yawan warƙoƙi, da duk wani kwanan wata da aka gani a bango. Abin da maigida ya yarda a ɗauki hotonsa a ɗauka, abin da ya ce sirri ne a rubuta cewa akwai shi, a bar masa abinsa.

Ɗaliban da za su taya wannan aiki suna nan kusa. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman tana cikin Haɗeja, ga ɗaliban Larabci da na tarihi da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Gidan Arewa da ke Kaduna yana da ƙwararrun da suka daɗe suna gyaran tsofaffin takardu, za su iya horar da mutum goma su horar da ɗari. Sharaɗi ɗaya ne: ɗalibin da zai shiga zaure ya kasance ɗan unguwa ne da aka san iyayensa, ya shiga da ladabin almajiri, ya durƙusa ya ce Allah gafarta Malam, ya kuma bar kwafen duk abin da ya ɗauka a gidan.

Saura batun gado, wanda ya fi ambaliya wargaza taskoki. Littattafai dukiya ce, idan mai su ya rasu sai a raba. Sau da yawa akan raba littafi guda mai juzu'i huɗu tsakanin magada huɗu, wani ya tafi Legas da nasa, wata ta kai nata gidan miji. Mazhabar Malikiyya ta halatta waƙafin littattafai. Malami na iya tsayar da taskarsa waƙafi tun yana da rai, ko ya yi wasiyya da ita cikin sulusin dukiyarsa, ya ambaci wanda zai kula da ita da waɗanda aka yarda su karanta. Alƙalan kotunan shari'a da limaman masarautar sun fi kowa sanin yadda ake rubuta irin wannan takarda, kuma kwanakin nan na Afrilu za su iya zama lokacin da ake zama a rubuta ta a gaban shaidu.

Farawa ba ya bukatar kasafin kuɗi ko kwangila. Unguwa guda a cikin birni da gari guda a bakin kogi, kamar Auyo ko Guri, sun isa gwaji a shekarar farko: gida ashirin, akwatin ƙarfe ashirin, benci ashirin, da littafin rubutu guda a kowane gida, kwafe ɗaya kuma a fada. Idan damina ta wuce, a koma gidajen nan a watan Nuwamba da jerin a hannu, a duba abin da ya tsira da abin da ya salwanta, a kuma rubuta sunayen gidajen da za a shiga a Afrilu mai zuwa.